Sannunku da Aiki, Masu Cike Fili

Mu mutanen Gombe muna da rowar yabo. Mutum zai yi shekara da shekaru yana yi wa gari hidima ba dare ba rana, ba wanda zai ce masa sannu, sai ranar da ya kwanta dama a taru a ƙofar gidansa ana cewa mutumin kirki ne. Don gudun wannan zalunci na ɗauki alƙalami daga nan Manawashi, in jinjina wa wasu bayin Allah tun suna da ransu: mutanen nan da barci ba ya ɗaukarsu matuƙar akwai taku ashirin na ƙasa a tsakiyar gari da ba a ɗora masa bulo ba. A cikinsu akwai dillalin fili, akwai mai kuɗin da ke bayansa, akwai ma'aikacin da ya san aljihun teburin da tsohuwar taswira take kwance, akwai kuma ɗan majalisar mai shayi wanda ko fuloti ɗaya bai mallaka ba, amma yana kare su har jijiyar wuyansa ta miƙe. Allah Ya saka musu daidai da aikinsu.

Muhawarar kowa ya santa. Duk inda aka ga wani fili ya yi saura a cikin gari, ko tsohuwar harabar ma'aikata ce da ta tashi, ko gefen makaranta, ko bakin kwari, sai baki ya rabu biyu. Wasu su ce a dasa itatuwa, a sa kujeru, a bar wa jama'a wurin shan iska. Wasu su ce a kafa bene mai hawa goma sha, irin wanda baƙo zai hango tun daga Tumfure ya san ya shigo babban birni. Ni dai ba na ɓoye inda na dosa. Ina tare da masu bene, kuma zan kawo hujjojina ɗaya bayan ɗaya, don masu son itace su ji kunya.

A fara da tarihi, don a san girman abin da jarumanmu suka cim ma. A 1919 ne Turawa suka dawo da hedikwatar masarautar Bubayero nan Gombe Doma, bayan ta zauna a Gombe Abba da Nafaɗa. Auduga ta kawo kamfanin gurza wanda har yau wata unguwa take amsa sunansa, BCGA. Jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960. Sai ranar 1 ga Oktoba, 1996, Janar Sani Abacha ya yanko mu daga Bauchi, garin ya wayi gari hedikwatar jiha. Ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum dubu 260 a ƙaramar hukumar Gombe kaɗai, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 52 ba. Bayan haka rikicin Boko Haram ya koro 'yan'uwanmu daga Borno da Yobe da Adamawa, muka karɓe su hannu biyu. Gari ya tumbatsa, ya malala cikin Akko da Kwami da Yamaltu-Deba. A irin wannan hali, malalacin mai tsara birni cewa zai yi, tunda mutane sun ƙaru, buƙatar sarari ma ta ƙaru, a ware wa kowace unguwa wurin da za ta yi numfashi. Namu gwanayen sun fi ƙarfin wannan gajeren tunani. Sun gane cewa in mutane suka yi yawa, numfashin ne ya kamata a rage.

To, me ma itace yake biya? Tambayar da masu lambu suka kasa amsawa ke nan. Ka taɓa jin dogon yaro ya biya kuɗin haya? Tsamiya ta taɓa zuwa ofishin haraji? Maɗaci zai yi shekara sittin tsaye a bakin titi, ya mamaye wurin da zai ci shago biyu da rumfar mai cajin waya, abin da kawai zai nuna na aiki shi ne wai ya sanyaya wuri. Su wa ke amfana da sanyin? Mai gyaran takalmi, da mai yankan farce, da tsohon da ya fito daga asibiti yana jiran Keke Napep, da almajirin da ya sami wurin cin ɗumamensa. Duk cikinsu ba mai rasit. Tattalin arziki kuwa ba ya ganin abin da ba shi da rasit, mu ma bai kamata mu fi shi gani ba.

Masu lambu suna kuka da zafi. Wai a watan Maris da Afrilu ma'aunin zafi yana taɓa 40 a garin nan, wai siminti da kwalta da kwanon rufi suna shan rana tun safe su riƙa amayar da ita cikin dare, shi ya sa unguwar da ba itace take kwana tana turiri. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Wace ƙasa ce ta ci gaba da sanyin jiki? Zafi yana hana dogon barci, yana tayar da magidanci tun kafin assalatu ko yana so ko ba ya so. Yana raya kasuwar ƙanƙara da ruwan leda da mafici. Likitoci suna cewa bazara ce lokacin sanƙarau a wannan yanki namu, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka masa. To, ai su ma masu kemis 'ya'ya gare su. Wanda zafi ya dama ya sayi na'urar sanyaya ɗaki. In ya ce ba wuta, ya sayi janareta. In ya ce fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, ya sa sola. In ya ce ba shi da kuɗin ko ɗaya, to wannan matsala ce tsakaninsa da aljihunsa, bai kamata ya jawo gari cikinta ba.

Inda basirar mutanen nan ta fi burge ni shi ne sha'anin ruwa. Gombe tana zaune ne kamar a cikin tasar da aka ɗan karkata: tudun Akko daga yamma, gari yana gangarowa gabas wajen Liji. Ƙasar yawancinta rairayi ce mai saurin zaizayewa, wasu sassan kuma laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani. Duk ruwan da ya sauka a saman gari dole ya nemi hanyar ƙasa. A da, filayen da ba a gine ba da saiwoyin itatuwa sukan tare wani kaso, ƙasa ta shanye shi a hankali, ya koma rijiyoyi. Ka ga son kai ke nan a fili: fili ɗaya ya riƙe ruwan da Allah Ya saukar domin kowa. Jarumanmu suka ce ba za ta saɓu ba. Suka rufe ƙasa da kwano da kankare, kowane gida aka shafe tsakar gidansa da siminti, aka fitar da bututu waje. Yanzu ɗigon da ya sauka a unguwar manya ba ya ɓata lokaci, cikin 'yan mintoci ya tattaro 'yan'uwansa sun iso unguwannin gangare, har cikin ɗaki, har ƙarƙashin gado, ba tare da an caji kowa kuɗin dako ba. Mutanen da ke bin 'yan garuwa da rani suna roƙon jarka ɗaya, ga shi da damina an kawo musu fiye da abin da suka roƙa. Wanda ya ga ambaliyar watan Agusta na 2004 ya san garin nan ba ya wasa in ya tashi rabon ruwa.

Kwarurrukan da suka tsattsaga garin ma ai ba a banza suka samu ba, gumin mutane ne. Ruwan da aka hana shi shiga ƙasa shi ne yake haƙa wa kansa hanya, yana cin gindin gidaje yana tafiya da katanga da masai, wani lokaci har da kabari. Kwarin da ya bi ta wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya da wanda ya bi ta Jami'ar Jiha zuwa Malam Inna sun yi sunan da har Bankin Duniya ya san da zamansu. Ta dalilin irinsu muka shiga shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP, muka kuma shiga ACReSAL, wanda bankin ya ware wa dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Duba yadda arziki yake zagayawa. A sayar da filin da ke shanye ruwa, kuɗi ya shigo aljihu. Ruwa ya haƙa kwari. A ciyo bashi a ɗaure kwarin da kankare, 'yan kwangila su samu, masu tifa su samu. Jikoki su biya bashin, su ma ke nan an sa su a cikin harkar tun ba a haife su ba. Da an bar filin da ciyawarsa, duk wannan alheri da ya wuce mu.

Gwamnatin jiha, tun 2019, ta fito da shirin nan na 3G da burin dasa itace miliyan ɗaya kowace shekara, ga kuma Gombe tana cikin jihohi 11 na Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka. Wani zai ɗauka wannan ya saɓa wa aikin jarumanmu. Ko kusa. Taimakekeniya ce. In ba a sare babba ba, ina za a ji daɗin dasa ƙarami? Itacen da ya shekara hamsin ba ya buƙatar biki, ba a yanka masa ƙyalle, ba a ɗaukar hoto da shi. Dashe kuwa yana tara manyan baƙi da 'yan jarida, kuma in akuya ta cinye shi kafin kaka, baɗi ma a sake taruwa. Masu cike fili su ne suke tabbatar da cewa masu dashe ba za su taɓa rasa aikin yi ba.

Sai maganar yara, wadda masu lambu suke yawan fakewa da ita. Wai yaro yana buƙatar inda zai yi gudu. Su zo Manawashi su ga yadda muka warware wannan. Yaranmu suna buga ƙwallo a lungun da faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, lambatu a dama, ɗan acaɓa a hagu. Yaron da ya iya yanka a tsakanin baro da mai tallan awara, wane ɗan baya ne zai tare shi in ya shiga filin wasa na Pantami? Waɗanda ƙwallon ba ta karɓe su ba kuwa, gari bai bar su haka ba. Saurayin da ba shi da filin wasa, ba ɗakin karatu, ba wurin zama sai bakin kwalbati da kangon da ba a gama ba, akwai masu zuwa neman irinsa duk bayan shekara huɗu. Sunan 'yan bangar siyasarmu, Kalare, ya fita har ƙasashen waje, ƙungiyar Human Rights Watch ta yi dogon bayani a kansu a rahotonta na 2007. Garuruwa nawa ne suka kashe kuɗi a kan lambuna amma ba wanda ya san sunan samarinsu a Amurka?

Mata kuma wai suna son inda za su fita da 'ya'yansu ranar Sallah ko yammacin Juma'a, ba tare da an ce su sayi wani abu ba. Wannan ai ɓata tarbiyyar kasuwa ce. Wurin da mutum zai zauna kyauta yana koya masa cewa yana da wani haƙƙi a gari ko da aljihunsa wayam. Daga nan sai me? Gobe ya ce yana da haƙƙi a kan taswira.

Mu dawo kan shi gogan, benen. Ina ƙaunarsa tun ba a gina shi ba. Masu hassada suna tambaya wai da wace wuta na'urar hawa za ta yi aiki, suna tuna mana watan Afrilu na 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, yankin nan ya yi makonni a cikin duhu. Ba su san likitoci sun daɗe suna roƙon manyanmu su riƙa motsa jiki ba? Alhajin da ya taka matakala hawa goma sha biyar sau biyar a yini domin jam'i, hawan jini da ciwon suga sai dai su ga ƙeyarsa, in dai ya kai. Suna tambaya wai ruwan da ake turowa daga Dadin Kowa, tafiyar kusan kilomita 40, wanda wasu unguwannin ƙasa ma sai an yi sa'a suke ganinsa, yaya zai hau sama? Ai ga ɗan garuwa. Jarka goma sha biyu, hawa goma sha biyar, a lissafa kuɗin dako a ga irin sana'ar da za a samar. Maganar tsanin motar kashe gobara da zai kai can ƙololuwa, wannan abu ne da kwamiti zai iya zama a kansa bayan gobarar.

Suna kuma kawo zancen ƙasa, wai inda laka take tsaga gidan ƙasa-da-ƙasa sai an yi gwaji mai zurfi da tushe mai tsada kafin a ɗora hawa goma, kuma wai mun saba rage rodi da ƙara yashi. Har suna ambaton benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe sama da mutum 40. Wannan ai rashin tawakkali ne. Ga Ashaka a bayan gidanmu tana toya siminti tun ƙarshen shekarun 1970. Garin da yake da siminti a jiharsa har sai ya tsaya tambayar injiniya?

Yadda za a zauna a ciki ma abin sha'awa ne. Gidan Bahaushe da na Bafulatani ya ginu ne a kan zaure da tsakar gida: inda za a yi daka, a shanya hatsi, a ɗaure ragon layya, a yi zaman suna da na makoki. Masu bene sun hango cewa duk waɗannan nauyi ne. Uwargida ta kafa turmi a hawa na tara, maƙwabcin hawa na takwas ya sami agogon tashi kyauta. Rago ya kwana a baranda yana kallon gari. Baƙon da ya zo daga Dukku ko Kumo da niyyar kwana uku, in ya ɗaga kai ya ga matakala, ya tuna yana da uzuri a gida. Zumunci zai ragu, tuwo ya yi saura.

Amma duk wannan somin taɓi ne. Gwanintar da ta sa na cire musu hula ita ce wannan: benen ba ya zuwa. A nan ne ake gane ƙwararre. Ana jefa wa jama'a muhawara, lambu ko bene, a bar su suna ta ce-ce-ku-ce a rediyo da majalisu. Kafin ƙura ta lafa an zagaye filin da kwano. Sai a kafa allo mai hoton gini na gilashi, da motoci masu sheƙi, da wasu mutane sanye da kwat suna tafiya a ƙarƙashin itatuwan da ba a ƙasar nan suke tsirowa ba. Rana ta ci hoton, iska ta yage shi. Sai a ga kwantena ɗaya ta sauka, wai ta wucin gadi ce. Ta haifi 'ya'ya. Wata safiya a tashi a ga jerin shaguna hawa ɗaya, rodi ya miƙe a samansu yana jiran hawa na biyu har ya yi tsatsa, gidan mai a kusurwa, masu kaya sun baje a kan hanyar ƙafa. Masu lambu ba su sami lambu ba, masu bene ba su sami bene ba, ba wanda zai yi wa wani gori. In wannan ba adalci ba ne, a faɗa mini sunansa.

Kuma komai bisa doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a, ta kuma ba shi ikon karɓe fili saboda maslahar jama'a. Abin da ya rage kawai shi ne a gane su wane ne jama'a, kuma jarumanmu sun daɗe da gano cewa jama'a ba su cika wuce mutum huɗu ko biyar ba, dukansu kuwa an san lambar wayarsu. Yanzu da aka kafa hukumar GOGIS aka zuba bayanan filaye a kwamfuta, wasu 'yan baƙin ciki suna cewa a wallafa taswirar duk wuraren da tsarin gari ya ware domin jama'a, a manna ta a ƙofar kowane mai unguwa, kowa ya san inda ba a taɓawa. Ina roƙon kada a saurare su. Taswira tana da kunya, ba ta son idon mutane.

Wanda yake shakkar inda wannan hanya take kaiwa ya dubi yayarmu Kano, ita ce malamar. Kududdufan da suke shanye ruwan birni an cike da yawansu an yi gini, ganuwar da ta shekara ɗaruruwa an yanka gefenta fuloti-fuloti. A zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje shaguna suka tashi a Filin Idi da harabar tsohon otal ɗin Daula, har aka yi shelar za a kwashe gidan namun daji na Audu Bako a kai shi Tiga saboda gari ya cim masa. Da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau a 2023, bai yi mako guda ba katafila ta fara rusau. A watan Satumba na shekarar, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan abin da bai kai haka ba. Ka ga fili ɗaya ya ba da amfani sau uku: an ci a wajen ginawa, an ci a wajen rushewa, lauyoyi sun ci a wajen shari'a. Wace bishiya ce take 'ya'ya sau uku a shekara?

Wajibi ne kuma in gargaɗi matasanmu game da miyagun misalai daga waje, don intanet ta sa komai yana shigowa. A Nairobi, a 1989, gwamnatin Daniel arap Moi ta shirya kafa bene mai hawa 60 a lambun Uhuru. Wata mata, Wangari Maathai, ta tsaya kai da fata, aka zage ta a majalisa, aka kore ta daga ofishinta, ba ta fasa ba har masu ba da kuɗin suka janye. Sakamakon taurin kanta, har yau talakawan Nairobi suna kwanciya a kan ciyawa a tsakiyar birni ba ko sisi, ita kuma aka ba ta kyautar Nobel a 2004, don a ƙara lalata wasu. A Alƙahira, wani juji da aka shekara kusan 500 ana zuba masa shara, maimakon a yanka shi shaguna, gidauniyar Aga Khan ta mai da shi lambun Al-Azhar mai faɗin hekta 30, aka buɗe a 2005. Mutanen New York kuwa tun shekarun 1850 suka yi asarar hekta 341 a tsakiyar birninsu, kuma don ƙarin haushi, gidajen da ke kallon wannan lambu suna cikin mafi tsada a duniya. Wato har sun sa masu kuɗi suna biyan ƙari domin su ga itace. Allah Ya tsare mu da irin wannan ruɗu.

Kakanninmu ma, in za a faɗi gaskiya, ba su tsira daga wannan kuskure ba. Duk garin da suka kafa sai sun bar dandali, sun bar sarari a ƙofar fada, sun bar filin Idi, sun bar durumi ko ceɗiya inda dattawa za su zauna a yi sulhu. Ganuwar Kano har gonaki ta zagaye a cikinta saboda ranar da za a rufe ƙofa. Makiyayi an bar masa burtali, gari an bar masa hurumi. Sai dai a yi musu uzuri, ba su san farashin fuloti ba.

Mafi hatsari a cikin masu lambu su ne masu sanyin murya, waɗanda suke cewa ai ba faɗa tsakanin bene da itace. Wai gari mai ƙaruwa irin namu dole ya hau sama, in ba haka ba zai cinye gonakin Akko da Kwami, ya kai har dajin Kanawa. Wai a hau saman a inda aka riga aka gine, hawa uku ko huɗu da ƙafa za ta iya, a kan tushen da injiniya ya gwada, sannan filin da ya rage a bar shi ya sha ruwa, bakin kowane kwari a ja masa layi a dasa itatuwa, unguwa ta riƙa kula da abinta. Wai amfanin hawa sama ke nan tun asali, a tara mutane a ƙaramin wuri domin ƙasa ta yi saura. Kun ji makirci. In aka bi wannan, muhawara ta mutu, kuma in muhawara ta mutu, a bayan me za a sauke kwantena?

Saboda haka ina kira ga jarumanmu kada su yi sanyi, aiki bai ƙare ba. Har yanzu makarantun firamare suna da filayen da yara ke ɓata takalma a kai. Filin Idi sau biyu kawai ake amfani da shi a shekara, sauran kwanakin yana zaune ba haya. Shataletale ma ƙasa ce. Maƙabartu kuwa, mazaunansu ba su taɓa kai ƙara ba.

Tunda kuma yabon baki ba ya isar wanda ya yi aiki irin wannan, ina ba da shawarar a karrama su da abin da hannunsu ya gina. Na lura da wani abin tausayi: yawancinsu suna zaune ne a GRA da sabbin unguwannin tudu, cikin harabobi masu mangwaro da dogon yaro da ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma, in hutu ya zo kuma su tafi Abuja ko Dubai ko Landan su zauna a lambunan mutane. Wato sun sadaukar mana da ci gaban, su suna can suna fama da ci bayan. Wannan bai dace da al'umma mai godiya ba. A nemo wa kowannensu ɗaki ciki da falo a unguwar gangare, mai taga ɗaya tana kallon katangar maƙwabci, bayansa yana jingine da bakin kwari. A ba shi makulli a farkon Maris, ya sha bazararsa cikakkiya, ya zarce har ƙarshen Agusta. Mu mutanen Manawashi mun yi alkawarin karɓar namu kason da hannu biyu, kuma duk daren da hadari ya haɗo daga gabas, za mu aika yaro ya tashe shi, don kada rabonsa ya wuce shi yana barci.